Tarihin Binciken Ƙirar Tsutsotsi da Ƙananan Halittun Ruwa

1.0 Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa koyar da ilmin halittu a kwalejin horon malamai ya san cewa darasin dabbobi marasa ƙashin baya shi ne wanda ɗalibai suka fi rainawa. Sukan haddace zanen tana da sunayen sassan jikinta domin jarrabawa, sa'an nan su manta. Na sha tambayar ɗalibaina ko akwai wanda ya taɓa tsaga tana ya duba cikinta, ko ya ɗebo ruwan kududdufi ya sa a madubin ƙara girma, sai in tarar da wuya a sami mutum biyu a aji. Ga shi kuwa su ne za su fita gobe su koyar da yara.

Manufar wannan takarda ita ce ta bi diddigin yadda masana suka gano ƙirar jikin waɗannan halittu, daga ƙarshen ƙarni na 17 zuwa zamaninmu. Zan tsaya a kan iri biyu, watau tsutsotsi da wata 'yar halittar ruwa da ake kira rotifa. Abin da nake so in nuna shi ne, aikin da aka daɗe ana ɗauka wasan masu hutu ne, watau leƙen cikin tsutsa da ƙidaya gaɓoɓinta, shi ne a ƙarshe ya ba da hanyar kawar da kurkunu daga ƙasarmu.

2.0 Rumbun Tarkace na Linnaeus

Bahaushe ya daɗe da rarrabe tsutsotsi ta wajen kamanninsu da mazauninsu. Yana da tana mai zama cikin danshin ƙasa, da matsattsaku mai shan jini a rafi, da macijin ciki, da tsila, da kurkunu. Masanan Turai na farko ba su wuce haka da nisa ba. A shekarar 1735 Carl Linnaeus, mutumin Siwidin, ya kasa dabbobin duniya gida shida. Gida huɗu na masu ƙashin baya ne, na biyar na ƙwari, inda ya haɗa har da gizo-gizo da ƙaguwa. Na shida ya kira shi gidan tsutsotsi, kuma a ciki ya zuba duk abin da ya rage, tana da tsila da dodon koɗi da sauran halittun teku masu taushin jiki. A gaskiya rumbun tarkace ne, domin abin da ya haɗa su kawai shi ne rashin ƙashi da rashin ƙafafu masu gaɓa.

Amma tun kafin Linnaeus an sami waɗanda suka ɗauki wuƙa suka duba ciki. A 1683 wani likitan Landan, Edward Tyson, ya tsaga macijin ciki ya kwatanta shi da tana. A wancan lokaci mutane da yawa sun ɗauka abu ɗaya ne, wasu kuma suna cewa ruɓaɓɓen abinci ne yake rikiɗa ya zama tsutsa a hanjin mutum. Tyson ya tarar macijin ciki yana da namiji da tamata, tamatar kuma cike take da ƙwai. Tana kuwa kowace ɗaya tana ɗauke da kayan haihuwa na jinsi biyu. Abin lura a nan shi ne, duk abin da yake da ƙwai yana da iyaye, wanda yake da iyaye kuwa daga wani wuri ya shigo jiki. Wannan tambaya, ta ina ya shigo, sai da ta jira kusan shekara ɗari biyu kafin a amsa ta.

Wanda ya fara share rumbun shi ne Jean-Baptiste Lamarck, wanda aka naɗa malamin ƙwari da tsutsotsi a gidan adana kayan tarihin halittu na Faris a 1793. Shi ne ya raba dabbobi zuwa masu ƙashin baya da marasa shi, kuma zuwa 1809 ya kasa marasa ƙashin bayan gida goma. Abokin aikinsa Georges Cuvier ya bi wata hanya, a 1817 ya ce tsarin ginin dabbobi huɗu ne kacal, ya kuma dogara a kan yadda jijiyoyin saƙo suke shimfiɗe cikin jiki. Sun saɓa a abubuwa da yawa, amma dukansu sun yarda cewa kamannin waje ba ya isa hujja, sai an buɗe an gani.

3.0 Ƙurar Indararo

Labarin rotifa ya fara ne a garin Delft na ƙasar Holan. Antonie van Leeuwenhoek, wanda aka haifa a 1632, mai sayar da yadi ne, bai yi jami'a ba, bai kuma iya Latin ba, harshen masana na zamaninsa. Sai dai ya ƙware wajen gyara 'yan ƙananan gilasai, har mafi kyawunsu yana ƙara girman abu fiye da sau 250. Wani limamin coci a Ingila, John Harris, ya riga shi bayyana rotifa a 1696, amma Leeuwenhoek ne ya ga abin da ya ta da hankalin masana.

A damina ta 1701 ya lura da wani jan ruwa da ya kwanta a indararon dalma na gidansa, ya duba ya ga 'yan halittu suna iyo, waɗansu da abu kamar gargare biyu suna juyawa a kansu. Da ruwan ya ƙafe sai ya kankare busasshiyar ƙurar ya ajiye. Daga baya ya zuba kaɗan a cikin bututun gilashi, ya ƙara mata ruwan sama da ya tafasa ya huce, domin kada a ce daga ruwan suka fito. Kafin sa'a guda sai ga su sun miƙe suna iyo. Ya sake gwadawa bayan watanni, haka aka samu. Ya rubuta wannan a wata wasiƙa a watan Fabrairu na 1702. Shi dai bai ce mutuwa suka yi ba, a ganinsa fatarsu ce take riƙe ɗan danshi a ciki.

A 1743 John Needham ya ga irin wannan a cikin ƙwayar alkama mai ciwo. Ya fasa ta ya sami farin abu kamar zare, da ya ɗiga ruwa sai zaren ya fara motsi, ashe 'yan tsutsotsi ne. A 1776 Lazzaro Spallanzani na Italiya ya busar da rotifa ya farfaɗo da su sau da yawa a jere, ya kuma tsaya a kan cewa mutuwa ce ta sosai suke yi su tashi. Daga nan magana ta fita daga ɗakin gwaji ta shiga fagen falsafa, domin tambayar ta zama, mene ne rai, kuma yana iya tsayawa cik sa'an nan ya ci gaba?

Gardamar ta yi tsanani a Faransa. Louis Doyère ya nuna a 1842 cewa in an busar da irin waɗannan halittu sarai, suna jure zafin da zai kashe su nan take in da suna jiƙe. Félix Pouchet na garin Rouen ya ƙaryata shi, ya ce ba abin da zai bushe ƙarƙaf ya rayu. A 1859 Ƙungiyar Masana Ilmin Halittu ta Faris ta kafa kwamiti ya sake gwaje-gwajen duka, kuma rahoton da Paul Broca ya rubuta a 1860 ya ba Doyère gaskiya. Abin da masana suka tsaya a kai daga baya shi ne, halittar tana janye kanta da ƙafarta ta dunƙule, ruwan jikinta ya fita kusan duka, ayyukan rayuwa su tsaya har ba a iya auna su, amma ginin ƙwayoyin jikinta bai rushe ba. In ginin yana nan, ruwa kaɗai ake bukata. A 2021 masana a Rasha sun farfaɗo da rotifa daga daskararriyar ƙasar Saiberiya mai kimanin shekara 24,000, ta kuwa ci abinci ta hayayyafa.

4.0 Abin da Aka Tarar a Cikin Rotifa

Ana cikin waccan gardama, waɗansu suna ta ƙoƙarin gane ƙirar jikin. Mafi shahara shi ne Christian Ehrenberg na Jamus, wanda ya buga babban littafinsa mai zane-zane a 1838. Ra'ayinsa shi ne kowace 'yar halittar ruwa, kome ƙanƙantarta, cikakkiyar dabba ce mai tumbi da hanji da kayan haihuwa. A kan rotifa ya yi daidai. A kan sauran ya yi kuskure, domin ya ga 'yan kumfa a jikinsu ya ɗauka tumbuna ne masu yawa. Félix Dujardin na Faransa ya nuna ba haka ba ne, sa'an nan a 1845 Carl von Siebold ya bayyana cewa waɗannan ƙwayar halitta ɗaya ce tak kowannensu. Saboda haka abubuwa biyu suna iya zama girma ɗaya a ɗigon ruwa ɗaya, wannan ƙwaya guda, wancan kuwa dabba mai ƙwayoyi wajen dubu.

Ga abin da aka tabbatar. Yawancin rotifa tsawonsu tsakanin kashi ɗaya ne zuwa biyar cikin goma na milimita, an kuma san iri wajen 2,000. Garegaren da Leeuwenhoek ya gani ba juyawa suke yi ba. 'Yan gashi ne jere a da'ira, suna kaɗawa ɗaya bayan ɗaya da sauri, ido ya ɗauka wili ne, kuma daga nan sunan ya fito, domin ma'anarsa a Latin mai ɗauke da wili. Kaɗawar tana jawo ruwa da abinci zuwa baki. Bayan baki akwai wani ƙundu mai 'yan muƙamuƙai masu tauri da suke niƙa ba hutawa, har masu duba na farko suka zaci zuciya ce take bugawa. Daga nan sai tumbi da hanji da mafita. Akwai 'yar ƙwaƙwalwa a ka, da ɗigon ido ja a wasu, da bututu biyu masu aikin ƙoda da suke zuba a mafitsara. A ƙarshen jiki akwai ƙafa mai yatsu da take fid da danƙo domin maƙalewa. Ba zuciya, ba huhu, ba hanyar jini, domin jikin ya yi ƙanƙantar da iska take ratsa shi ta fata. Bugu da ƙari, a rukunin da yake jure bushewa, mai iri fiye da 400, ba a taɓa ganin namiji ba, mata ne suke yin ƙwai su ƙyanƙyashe mata.

5.0 Tsutsa Ba Ɗaya Ba Ce

Zuwa tsakiyar ƙarni na 19 wuƙa da madubi sun nuna cewa abin da ake kira tsutsa gini uku ne dabam-dabam, kuma nisan da yake tsakaninsu ya fi wanda yake tsakanin kifi da akuya. Na farko masu faɗi, irin su tsila da tsutsar tsargiya. Jikinsu a cushe yake ba kogo, masu hanji a cikinsu yawanci ba su da mafita, tsila kuwa ba ta da ko baki, ta fata take tsotsar abincin da mutum ya riga ya narkar. Na biyu masu siffar igiya, irin su macijin ciki da kurkunu. Su bututu ne a cikin bututu, da baki da mafita, da fata mai tauri wadda suke saɓa sau huɗu kafin su balaga. Tsokarsu ta tsaye ce kawai, shi ya sa suke bulala gefe da gefe ba sa iya miƙewa su tsuke. Na uku masu zobe-zobe, watau tana da matsattsaku. Tana tana da jan jini mai gudu a cikin jijiyoyi, da igiyar saƙo a ƙarƙashin hanji, kuma kusan kowane zobe yana da nasa kayan fid da ƙazanta.

Sanin wannan ya mai da hankali ga tsohuwar tambayar Tyson. A 1855 Friedrich Küchenmeister, likita a Jamus, ya sa 'yan ƙullutun da ake samu a naman alade cikin abincin wani fursuna da aka yanke wa hukuncin kisa, bayan an kashe shi ya tarar da 'yan tsila a hanjinsa. Gwaji ne da ba wanda zai yarda da shi yau, har a zamaninsa ma an soke shi. Amma ya tabbatar da cewa ƙullutun nama da tsilar hanji halitta ɗaya ce a matakai biyu. Rudolf Leuckart ya nuna haka game da tsilar naman shanu a 1861. Daga nan masana suka gane cewa tsutsar jikin mutum tana iya yin ƙuruciyarta a jikin wata dabba dabam.

6.0 Kurkunu

Kurkunu tsohon ciwo ne. Likitocin Larabawa sun kira shi jijiyar Madina, sunan da yake nuna cewa an daɗe ana shakkar ko dabba ce ko kuwa jijiyar mutum ce ta lalace. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi bayaninsa, kuma Bukhara inda ya tashi tana cikin garuruwan da ya fi addaba. Linnaeus ya sa shi cikin tsutsotsi a 1758. A 1863 Henry Bastian ya yi cikakken bayanin ƙirarsa. Abin da yake fitowa daga ƙafar mutum tamata ce, tsawonta yakan kai mita ɗaya, kaurinta bai wuce milimita biyu ba. Kusan dukan cikinta mahaifa ce maƙare da 'ya'ya fiye da miliyan ɗaya, har hanjinta ya matse ya daina aiki. Namijin bai wuce santimita huɗu ba.

Leuckart ne ya ba wani matashi ɗan Rasha, Alexei Fedchenko, shawarar ya nemi 'ya'yan kurkunu a jikin ƙumar ruwa, wata 'yar dangin ƙaguwa mai ido ɗaya wadda girmanta bai wuce milimita ɗaya zuwa biyu ba. Fedchenko ya tafi yankin Samarƙandi, kuma a 1870 ya same su suna girma a cikinta. A 1905 Robert Leiper ya je Akara, ya ba biri ƙumar ruwa mai ɗauke da su, bayan watanni ya sami kurkunu a jikin birin. A 1913 Dyneshvar Turkhud ya tabbatar da haka a jikin mutum a Indiya.

Da haka zagayen ya cika. Tamatar tana tada bororo mai zafi, galibi a ƙafa, mai ciwon ya tsoma ƙafar a tafki don ya ji sanyi, ita kuwa ta saki 'ya'yanta. Ƙumar ruwa ta haɗiye su, su yi saɓa biyu a cikinta cikin kamar mako biyu. Wani ya zo ya sha ruwan, ƙumar ta narke a tumbinsa, 'ya'yan su huda hanji su shiga jiki, bayan wajen shekara guda tamatar ta fito. Wannan ya bayyana abin da manomanmu suka sani ba su san dalilinsa ba, watau me ya sa kurkunu yake kwantar da mutum da damina, daidai lokacin noma. Ruwan kududdufin bara ne yake fitowa bana.

Har yau babu maganin da yake kashe kurkunu a jiki, babu kuma rigakafi. Abin da aka samu daga binciken shi ne girman ƙumar ruwa. 'Ya'yan kurkunu sun yi ƙanƙantar da za su ratsa ƙyalle, amma ba sa kama mutum sai sun bi ta cikinta, ita kuwa ƙyalle mai ƙananan ƙofofi yana tare ta. A tace ruwa, a hana mai ciwo shiga tafki, a zuba maganin ƙuma, a haƙa rijiya, shi ke nan zagaye ya yanke. Da irin waɗannan matakai Tarayyar Sobiyat ta kawar da shi daga Bukhara a farkon shekarun 1930.

A nan kuwa sai da aka jira. A 1986, lokacin da Cibiyar Carter ta shiga aikin, an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 suke kamuwa kowace shekara a Afirka da Asiya. Ƙidayar farko da aka yi a Nijeriya a 1988 zuwa 1989 ta sami mutum fiye da 650,000, ba ƙasar da ta kai ta. Masu aikin sa kai na ƙauyuka suka raba matatan ƙyalle gida-gida, Janar Yakubu Gowon kuma ya zagaya jihohi yana neman goyon bayan gwamnoni da sarakuna. An ga na ƙarshe a Nijeriya a 2008, haka ma a Nijar, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ƙasashen biyu shaidar rabuwa da shi a Disamba 2013. Gana ta samu tata a 2015. A 2023 mutum 14 ne kacal aka samu a duniya, yawancinsu a Chadi, inda tun 2012 aka gano tsutsar tana kama karnuka, abin da ya sake mai da masana bakin kogi da madubansu.

7.0 Kammalawa

Aikin bai tsaya a kan cuta ba. A 1900 Émile Maupas, wani ma'aikacin ɗakin karatu a Aljeriya, ya bayyana wata 'yar tsutsar ƙasa mai tsawon milimita ɗaya, dangin kurkunu ta wajen gini. Sydney Brenner ya zaɓe ta don bincike a shekarun 1960 saboda jikinta garai yake. John Sulston da abokan aikinsa suka bi rabuwar ƙwayoyinta ɗaya-ɗaya daga ƙwai, suka tarar 1,090 ake yi, 131 su mutu bisa tsari, 959 su rage, 302 daga cikinsu na jijiyar saƙo. Wannan ya ba Brenner da Sulston da Robert Horvitz kyautar Nobel a 2002, ya kuma taimaka wajen fahimtar ciwon daji.

Abin da nake so mahalarta wannan taro su duba shi ne tazarar shekaru. Tsakanin Fedchenko da kurkunu na ƙarshe a Nijeriya shekara 138 ne. An san sirrin tun 1870, abin da ya yi jinkiri shi ne isarsa ga mai ɗibar ruwa a harshen da take ji. Wannan kuwa aikin malami ne, kuma tsargiya da macijin ciki da tsila suna nan tare da mu. Saboda haka ina ba da shawara biyu. Ta farko, kada ɗalibi ya bar kwalejin horon malamai bai tsaga tana da hannunsa ba, bai kuma ga ƙumar ruwa a ɗigon kududdufin garinsu ba. Kayan aikin ba su fi ƙarfinmu ba, Leeuwenhoek da gilashi guda ya yi nasa. Ta biyu, malaman kimiyya da na Hausa su zauna tare su daidaita sunayen waɗannan sassa, domin kalmomin da na yi amfani da su a nan, irin su ƙundu da ƙumar ruwa, gwaji ne kawai, kuma ina fata masana da suke wannan zaure za su gyara mini su.